Azarar Ɗakin Inna Tasalla

Akwai wani mutum a Tudun Wada mai suna Zailani, wanda ko sannu ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Wajen shekarar 1955 ne wannan abu ya same shi.

Ba haka aka haife shi ba. Shekara goma sha uku ya yi a Riruwai yana haƙar kuza, a barikin da kowa ke kaffa-kaffa da ɗan'uwansa. An cuce shi wajen awo, an cuce shi wajen rabon rami, har abokin da suke cin tuwo a kwano ɗaya ya taɓa yi masa ƙafar ungulu. Tun daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa duk wanda ya ba ka shawara, akwai abin da yake hange a jikinka.

Mahaifiyarsa, Inna Tasalla, tana Kiru a gidan ƙanwarsa tun bayan rasuwar mahaifinsu. Ido ya yi rauni, gwiwoyi sun ƙi, ko ƙofar ɗaki sai an riƙe ta. Da ya je gaishe ta, ta laluba ta kama hannunsa. Da yake ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kai wannan, ka mayar da ni ɗakina. A can aka kai ni amarya, a can na haife ku, a can Malam ya cika. Ba na son rai ya yi halinsa ina ɗakin suruki."

Zailani ya ce, "Inna, kafin ruwa ya sauka kina ɗakinki, in Allah ya yarda."

Saura kamar kwana arba'in damina ta faɗi. Ya bar aikin kuza, ya kai matarsa goyon ciki gidan iyayenta, ya nufo Tudun Wada da buhun siminti biyu da gwangwanin koren fenti. A lokacin ba kowa ya taɓa ganin siminti da idonsa ba, shi ya sa ya shigo gari yana ji da kansa.

Gidan ya shekara tara babu kowa. Katanga ta zaizaye, tsakar gida ta zama fagen ƙadangaru, yaɓen bango ya kumbura yana ɓarewa. Amma ɗakin Inna, soro ne mai rufin azara, yana nan a tsaye. Zailani ya dube shi daga ƙasa ya ce ai wannan aikin mako biyu ne.

Yana cikin share-share sai ya ji sallama. Maƙwabcinsu ne, Baba Inuwa, abokin mahaifinsa, tsohon magini wanda ya haura sittin. Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a. Sai tsohon ya shiga ɗakin, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

"Zailani, da me za ka fara?"

"Yaɓe zan yi, Baba, in shafa farar ƙasa. Kan soron kuma in ƙara ƙasa in bi da siminti."

Baba Inuwa ya girgiza kai. "Gidan ƙasa daga sama ake fara gyaransa. Ɗauki sanda ka bi azarar nan ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya za ta amsa maka da ƙarfi kamar turmi. Wadda ta ruɓe za ka ji ta kamar ka bugi kabewa. Ka fi duba bakinta, inda ta shige cikin bango. Indararon gabas ya toshe shekara da shekaru, ruwa yana kwana a kai. Guda uku na tabbata sun tafi."

"Yaya aka yi ka tabbata, Baba?"

"Ai a ciki nake ajiye karana. Duk damina ina ganin inda yake tsattsafowa. Ka sauke gefen gabas, mu canza ukun nan. Ina da azarar namijin giginya a ajiye. Mako guda ya ishe mu."

Zailani ya yi godiya, har da rusunawa. Amma tsohon yana fita, ya zauna a kan buhun siminti ya fara saƙa da warwara.

Dama ƙanwarsa ta gaya masa cewa Baba Inuwa ya taɓa aikawa Kiru yana neman a sayar masa da gidan, don ya yi wa ɗansa muhalli. Ga shi kuma da bakinsa ya ce a ciki yake ajiye kara. To yanzu saura wata guda ruwa, mutumin nan ya ce a sauke rufi? A sauke, aiki ya tsaya, ruwa ya zo ya narkar da bango, gida ya koma kango, sannan a zo ana yi masa jaje ana taya gidan. Har azara ma an tanada. Wa ya tambaye shi?

Zailani ya yi murmushi shi kaɗai ya ce, "Ni za a yi wa wayo? Ni da na zauna a bariki?"

Jama'a, abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, sandar tana nan jingine a bakin ƙofa. Washegari da hantsi har ya ɗauke ta, ya shiga ɗakin, ya ɗaga ta sama. Sai ya ji tarin Baba Inuwa daga bayan katanga. Ya ce a ransa wato ma saurare yake, ya ji ko na bi maganarsa. Ya jefar da sandar tsakar gida, bai ƙwanƙwasa ko ɗaya ba.

Ya kama aiki ba ji ba gani, kuma a gaskiya Zailani ba rago ba ne. Ya haƙo ƙasa, ya kwaɓa, ya fara yaɓe a ranar. Tsohon ya leƙo ta kan katanga.

"Ɗana, kankare tsohon yaɓen tukuna, ka yayyafa wa bangon ruwa, in ba haka ba sabon ba zai kama ba. Ƙasar kuma ka zuba mata ciyawar ramno ka bar ta ta kwana uku ta yi yauƙi."

"To, Baba."

To ɗin Zailani kuwa ba ya wuce leɓe. Ya lissafa kwana uku nan, mako guda can, ya ga ai so ake a cinye masa kwanakinsa. Ya ci gaba da manna sabuwar ƙasa a kan tsohuwa. Inda ya ga tsaga a bango, maimakon ya buɗe ta ya cike, sai ya shafe ta da tafin hannu ta ɓace.

Da ya zo kan rufi, ya yi ta hawa da kwandon ƙasa yana jibgawa, wai don ya yi kauri. Sannan ya dama siminti ya malale saman ya yi sumul. Indararon ma bai zare shi ya fitar da dattin ba, ya dai zagaye bakinsa da siminti ya yi masa ado.

A ranar Baba Inuwa ya zo har gindin tsani.

"Zailani, don girman Allah ka sauko. Kaya kake ƙara wa mara lafiya. Siminti ba ya zama lafiya a kan ƙasa. Rana za ta tsaga shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Makuba ta kwasfar ɗorawa ake sa wa soro, ba wannan ba."

Zailani ya leƙo daga sama. "Baba, kai da ba ka taɓa aiki da shi ba, ina ka san halinsa?"

Tsohon ya tsaya jim. Sannan ya juya ya tafi yana jan takalmi. Zailani ya ɗauki wannan shirun a matsayin an kama ɓarawo.

Yaɓe bai gama bushewa ba ya shafa farar ƙasa. Ta fito da dabbare-dabbare ruwan ɗorawa, ya sake shafawa, ya kuma sakewa. Ya yi wa ƙofar zaure koren fenti. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna cewa kai, ka ga gida kamar na bature. Duk wanda ya faɗi haka, sai Zailani ya saci kallon ƙofar maƙwabcinsa.

Ranar da aka kawo Inna Tasalla a kan jaki, ta sa aka tsaya da ita a bakin ɗakin. Ta shafa dokin ƙofa, ta shafa bango, hawaye yana zuba. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau na dawo gida." Zailani ya ji daɗin da bai taɓa jin irinsa ba, har shi ma ya share ido da bakin riga.

Bayan kwana shida hadarin farko ya haɗu da la'asar. Kafin ɗigo ya sauka sai ga Asabe, matar Baba Inuwa, ta shigo da sauri.

"Yaya, taso mu je wajena. Na dama fura, kuma ga abawata ta ƙi daidaita, ki zo ki taɓa mini."

Ta riƙe ta suka fita. Aka yi yayyafi aka ɗauke, ta dawo da ita. Bayan kwana uku hadari ya sake haɗuwa, sai ga Asabe kuma, wannan karon wai daddawa za a ɗanɗana mata. Karo na uku wai kewarta take yi.

Zailani ya lura. Duk ranar da gari yake garau, babu mai neman Inna. Da zarar gabas ta yi baƙi, sai fura ta tashi. Ya ce lallai akwai ƙulli a nan, amma ya kasa gano bakin zaren.

Karo na huɗu ya bi bayansu. Yana shiga zauren Baba Inuwa ya tarar da liman da mai unguwa a zaune. Fakewa ruwa suka yi a hanyarsu ta dawowa daga ta'aziyya, amma Zailani bai tambaya ba. Liman, mai unguwa, da tsohuwa mai raunin ido a cikin gida. Ai shaidu ne aka tara, so ake a lallaɓe ta ta furta cewa ta bayar da kasonta kyauta.

Da suka koma gida ya tsare ta da tambaya.

"Inna, me suke ce miki a can?"

"Me za su ce? Hira muke yi. Ni ba na ma son fitar, ita ce take matsa mini. Amma kai wannan, ƙasa tana zubo mini a tabarma. Jiya ma na ji ta a fuskata."

"Ɓeraye ne, Inna."

Ya ɗaga kai. A kusurwar gabas wani jan layi ya biyo farin bangon tun daga sama. Ya dube shi, ya ji wani abu ya ɗan taɓa zuciyarsa. Amma sai ya tuna cewa a wannan kusurwar ce daidai tsohon ya nuna. Wa ya sani ko hawa ake yi ana zuba ruwa idan ya fita? Ya ɗauko ragowar farar ƙasa ya shafe layin tas.

Da safe ya tare Baba Inuwa a ƙofar gida, ko gaisuwar kirki babu.

"Baba, na gode da ɗawainiya. Amma daga yau kada a sake zuwa ɗaukar mini uwa. Gidan nan kuma ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba ne."

Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Ashe abin da ke ranka ke nan. To ji nan. Ni na ce wa Asabe duk ranar da hadari ya taso ta fito da ita, domin na gaya maka ka ƙi ji. Ka zage ni in kana so, amma kada ka bar Tasalla a ƙarƙashin rufin nan ana ruwa."

"An yi ruwa sau huɗu, Baba. Ga ɗaki nan a tsaye."

"Yayyafi aka yi."

Zailani ya juya ya bar shi a wurin. A ranar ya sayo kwaɗon ƙofa a kasuwa.

Bayan kwana biyu ya tafi gona shuka, can bayan gari. Ya ajiye wa Inna ruwa da abinci kusa da tabarma, ya ja koriyar ƙofar zaure, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ya tafi hankalinsa kwance, yana ganin yau dai ya toshe kowace kafa.

Wajen azahar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta taso, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Zailani ya fake a gindin tsamiya. Da farko ya yi ta murna saboda shukarsa. Da ruwan ya ƙi tsagaitawa, sai jan layin nan ya faɗo masa a rai. Ya taɓa aljihu ya ji makulli. Ya yar da sungumi ya zura da gudu.

Ya iso unguwa jiƙe sharkaf, yana haki. Abin da ya fara gani shi ne ƙofarsa a farfashe, an sare ta da gatari, kwaɗon yana lilo a jikin guntun katako. Kun san abin da ya fara zuwa bakinsa? Cewa ya yi, "Sun yi abin da suke so!" Har a wannan lokacin, jama'a.

Ya kutsa ciki. A inda ɗakin Inna yake, sai ya ga sararin sama. Gefen gabas ya rufta gaba ɗaya. Ɓaraguzan siminti da laka sun cika ɗakin, bakin tabarmarta ya leƙo daga ƙarƙashi.

Ya faɗa kan tarin yana tono da hannu yana ihu. "Inna! Inna!" Ya kama wata karyayyiyar azara zai janye, bakinta ya marmashe a hannunsa kamar gurasar da ta jiƙa. Ya tsaya yana kallon baƙin garin a tafinsa.

Muryar Asabe ce ta dawo da shi. Tana tsaye a zaure, ruwa yana zuba daga mayafinta.

"Zailani, bar tonon nan. Tana wajena, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma zo ka ga Babanka."

Baba Inuwa yana kwance a zaurensa, an aika a kira maɗori. Da ruwan ya yi ƙarfi ya ji Inna tana kira, ya tarar da kwaɗo, ya ɗauko gatari. Ya goyo ta ya kai bakin ƙofar ɗaki, ya miƙa ta ga Asabe, sai rufin ya sauko. Azara ɗaya ta same shi a ƙauri ta karya ƙashin.

Zailani ya durƙusa a gabansa, ya kasa haɗa ido da shi. Da ƙyar ya ce, "Baba, na zaci gidan kake so."

Tsohon ya cije leɓe saboda zafi. "Ina so mana. Na nema, an hana ni, kuma ko gobe aka ce za a sayar zan taya. Amma ruɓaɓɓiyar azara ina ruwanta da abin da nake so? Ba cewa na yi ka yarda da ni ba, Zailani. Cewa na yi ka ƙwanƙwasa."

Zailani ya kifa kai a ƙasa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, a gaban kowa.

To, ginin ƙasa ba a yin sa da damina. Ɗakin ya zauna a buɗe wata huɗu, ruwa yana cin bangon, kuma ba wanda ya jawo haka sai mai ɗakin. Inna Tasalla ta yi daminar a ɗakin Asabe. Ba ta taɓa yi wa ɗanta gori ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Kullum ya shigo gaishe ta, tambayarta ɗaya ce: "Ruwan bai ɗauke ba tukuna?"

Da kaka ta yi, aka shimfiɗa wa Baba Inuwa tabarma a tsakar gidan, ya miƙe ƙafarsa da ba ta ƙara daidaita ba, yana faɗa Zailani yana yi. Aka rushe abin da ya jiƙa. Aka kwaɓa ƙasa da ramno aka bar ta ta kwana. Aka ɗora bango kaɗan-kaɗan, kowane sawu sai ya bushe. Aka jiƙa makuba a randa. Zailani bai ƙara cewa to da leɓe kawai ba.

Suna cikin jera azara Inna ta kwanta ciwo. Ranar wata Laraba da hantsi Asabe ta kira shi daga kan bango. Ya shiga da laka a hannu, ya durƙusa kusa da ita.

Ta ce, "An rufe?"

"Saura kaɗan, Inna. Kwana tara ko goma. In kin ce a yi sauri, wallahi gobe zan rufe shi in kai ki."

Ta laluba ta dafa kansa. "A'a. A yi shi a hankali. Jikokina ne za su kwana a ciki."

Kafin azahar Inna ta cika, a ɗakin maƙwabta, katanga ɗaya tsakaninta da ɗakinta. Zailani ya cika mata alkawari na kwana ashirin da ɗaya kacal, kuma ya san da ya ba da mako guda tun farko, da a can ta ƙare kwanakinta.

Darasi: Idan ka shiga sabon gida, fara da abin da ke ɗauke da rufi kafin abin da ke burge ido. Duba sama, buɗe hanyar ruwa, kankare tsohon yaɓe, kada ka rufe tsaga da fenti, kuma ka bar kowane aiki ya bushe kafin na gaba. Idan kuma wanda kake zargi ya yi maka gargaɗi, ba dole ne ka yarda da zuciyarsa ba, amma dole ne ka gwada maganarsa, domin mai son abinka ma yana iya gaya maka gaskiya. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana shirin tarewa ko gyaran gida, musamman wanda ba ya jin shawara, kafin hadari ya haɗu.